Koyon aiki daga nesa: daga ambulan ɗin gidan waya zuwa wayar hannu



Tun da aka hana okada a manyan unguwannin Legas a 2022, babu tambayar da aka fi kawo mini kamar ta koyon aiki ta waya. Mutum zai zo ya miƙo mini wayarsa, ya nuna wani saƙo da aka turo masa a WhatsApp, ya ce, "Sakatare, duba mini wannan, na gaskiya ne ko 'yan damfara ne?" Wani lokaci na gwamnati ne, wani lokaci na kamfani, sau da yawa kuma tarko ne kawai. Amma ko a kan na gaskiyar akwai tambaya ta biyu da ba a cika yi ba, wato wa aka yi wa shi? Maigadi da mai shayi da ɗan dako suna cikin lissafin waɗanda suka tsara shi, ko kuwa sunansu kawai aka ara? Amsar tana cikin tarihin abin, domin koyon aiki alhali malaminka yana wata ƙasa ba da intanet aka fara shi ba. Ya girmi kakanninmu.

A 1840 wani Bature a Ingila mai suna Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutun nan na sakatarori ta gidan waya. Ɗalibi ya rubuta aikinsa a kati ya aika, malam ya gyara ya mayar masa. Abin da ya sa hakan ta yiwu shi ne a wannan shekarar aka sauke kuɗin aika wasiƙa ya koma kwabo ɗaya, komai nisan da za ta yi a cikin ƙasar. Kan sarki shi ne kuɗin data na wancan zamanin, da ya yi araha sai karatu ya kama hanya. A 1858 Jami'ar Landan ta yarda wanda bai taɓa zama a ajinta ba ya zauna jarrabawarta, sai makarantun wasiƙa suka taso suna shirya mutane, irin su Wolsey Hall da ke Oxford, wadda aka kafa a 1894, da Rapid Results College daga baya.

A Najeriya abin ya karɓu, domin kafin a buɗe kwalejin jami'a ta Ibadan a 1948 babu inda mutum zai yi digiri a ƙasar nan. Alvan Ikoku, wanda hotonsa ke jikin naira goma, yana malamin makaranta ya samu digirin Landan a 1928. Obafemi Awolowo ma ta wannan hanyar ya samu digirinsa na kasuwanci a 1944, kafin ya tafi Ingila karatun lauya. Bayansu akawuna da malaman firamare da ma'aikatan reluwe da 'yan sanda masu yawa sun bi sahu, suna yanke talla daga jaridun Legas, suna aika kuɗi ta gidan waya, suna jiran ambulan ya zo da darasin lissafin kuɗi ko na jarrabawar GCE. Dattawan da suka yi aikin ofis a shekarun 1960 da 1970 duk sun san wannan ambulan ɗin.

To amma ku dubi waɗanda na lissafa. Kowannensu yana da Turanci tun kafin ambulan ya iso, yana da albashin da zai cire kuɗin makaranta, yana da akwatin gidan waya ko adireshin ofis, kuma yana tashi aiki da rana tsaka ya samu fitila da tebur da dare. Makarantar wasiƙa ta ɗaga wanda ya riga ya taka matakala ta farko. Wanda ke ƙasa bai ma san tana yi ba.

A daidai wannan lokacin iyayenmu suna nan Kudu, a Sabo ta Ibadan da aka kafa a 1916, da Agege, da Shagamu, suna fataucin goro da shanu. Ba jahilai ba ne. Suna rubuta wasiƙa da ajami, suna riƙe lissafin bashi mai yawa a ka da a takarda. Sai dai babu ambulan da ya taɓa zuwa da ajami, kuma ba su zauna jiransa ba, domin suna da tasu makarantar, wato gidan maigida. Wani masani mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanta a 1969, kuma abin da ya bayyana duk wanda ya tashi a zango ya san shi. Maigida ne ke saukar da fataken da suka kawo shanu daga Arewa, yaransa su yi dillanci tsakaninsu da mahautan Yarbawa, shi kuma ya tsaya a kan bashin, in mahauci ya ƙi biya shi ke ɗauka. Yaro yana tsaye a gefe shekara da shekaru yana koyon kimanta sa da ido, yana koyon wane mahauci ne ke cika alkawari, wane ne sai an bi shi gida. In ya kai, maigida ya yi masa aure, ya buɗe masa hanya. Maƙwabtanmu Ibo suna da irin nasu, yaro ya yi shekaru a shagon ubangidansa, ranar sallama a ba shi jari.

Kun ga hanya biyu ke nan. Ta wasiƙa tana ba da ilimi da takardar shaida. Ta maigida tana ba da ilimi, ta haɗa da abu uku da ba sa shiga ambulan: wanda zai tsaya maka, da jari, da abokan ciniki. Duk abin da ya biyo baya, har zuwa saƙon da ake turo mana a waya yau, a kan wannan bambancin yake tuntuɓe.

Gwamnatoci sun gwada nasu. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta horar da malaman firamare masu ɗimbin yawa daga nesa, da littattafai da haɗuwar ƙarshen mako. Shagari ya kafa buɗaɗɗiyar jami'a a 1983, sojoji suka rufe ta a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. Waɗannan ma na masu takarda ne. Wadda ta fi kusa da talaka ita ce hukumar samar da aikin yi ta NDE da Babangida ya ƙaddamar a 1987, lokacin da tsarin SAP ya matse kowa, kuma abin lura, babban shirinta shi ne ta ɗauki matashi ta kai shi wurin makaniki ko kafinta ko tela ta biya kuɗin koyo. Gwamnati da kanta ta koma wurin maigida.

Sai waya ta zo. A watan Agustan 2001 Econet da MTN suka fara aiki, layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci. A shekarun ne nake karatun difloma, kuma intanet ɗinmu a lokacin kafe ce: ka sayi tikitin kwana, a kulle ku ciki har asuba, shafi ɗaya yana buɗewa kana iya zuwa ka yi alwala ka dawo bai gama ba. Babu mai koyon sana'a a haka. Abin ya canza ne daga 2010, da manyan wayoyin ƙarƙashin teku na MainOne da Glo suka iso gaɓar Legas, sannan wayoyin Tecno da Itel da Infinix masu sauƙin kuɗi suka cika kasuwa. Daga nan ne bidiyo ya fara shiga aljihun mai ƙaramin ƙarfi.

Guguwar kanta daga Amurka ta taso. A 2011 wasu malamai biyu a Jami'ar Stanford suka sa darasinsu na kwamfuta a intanet kyauta, mutum kusan 160,000 suka yi rajista daga ko'ina a duniya. A 2012 aka buɗe Coursera da edX da Udacity, aka yi ta shelar cewa ƙarshen tsadar ilimi ya zo, ɗan talaka a ƙauyen Afirka zai zauna aji ɗaya da ɗan attajirin Boston. Ba a jima ba lissafi ya fito. A 2013 Jami'ar Pennsylvania ta bincika masu ɗaukar darussanta a Coursera, ta tarar sama da kashi 80 cikin 100 sun riga sun yi karatun gaba da sakandare, sannan waɗanda ke kai wa ƙarshen kwas ba su wuce kamar kashi 4 cikin 100 ba. A shekarar ce kuma Jami'ar San Jose ta jihar Kalifoniya ta gwada darussan Udacity a kan ɗalibai masu rauni, cikinsu har da 'ya'yan talakawa, fiye da rabi suka faɗi, aka dakatar da gwajin. Wasu daga cikin yaran ma ba su da kwamfuta a gida. A Amurka fa ke nan. Akawun 1950 ne ya dawo da sabuwar riga.

Wata mata ta ga wannan giɓin tun da wuri, ta bi ta wata hanyar. Leila Janah, Ba'amurkiya 'yar asalin Indiya, ta kafa Samasource a 2008. Tunaninta shi ne horo ba tare da aiki ba romon baka ne, don haka sai ta karɓo kwangila daga manyan kamfanonin Amurka, ta yanka aikin ƙanana-ƙanana, ta koya wa matasan unguwannin talakawa na Nairobi yadda za su yi shi a kwamfuta: shigar da bayanai, sa wa hotuna alama don na'ura ta koyi gane mota da mutum da fitilar hanya. Mutane da yawa sun samu albashinsu na farko a rayuwa ta nan, wannan ba abin rainawa ba ne. A 2013 ta kai irin shirin cikin Amurka, har wani ƙaramin gari mai suna Dumas a jihar Arkansas, inda ta tarar da matsalar da muka sani, gidajen talakawa babu intanet mai ƙarfi. Ta rasu a Janairun 2020 tana da shekara 37. Shekara uku bayan rasuwarta mujallar Time ta fitar da rahoton cewa ma'aikatan kamfanin a Kenya, waɗanda aka sa su karanta munanan rubuce-rubuce don a tace manhajar ChatGPT, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. An gudu ba a tsira ba. Horon ya zo da aiki, amma abokin cinikin na wani ne, shi ke yanka farashi daga nesa, ranar da ya janye kwangila kuma ma'aikaci ba shi da shago, ba shi da ko mutum ɗaya da zai kira ya ce nasa ne.

A nan gida, Andela ta buɗe a Legas a 2014 tana biyan matasa su koyi rubuta manhaja, har Mark Zuckerberg ya zo Yaba a 2016. Amma ba ta ɗaukar ko mutum ɗaya cikin ɗari na masu nema, kuma a Satumbar 2019 ta sallami ƙananan injiniyoyi kusan 400. Google ya yi alkawarin horar da 'yan Afirka miliyan ɗaya a 2016, ya ɗaga zuwa miliyan 10 a 2017, yawanci darasin tallata kaya a intanet ne, mai amfani ga wanda ya riga yana da kayan da zai tallata. Waɗannan a labarai muka ji su.

Wanda ya shigo har cikin zangonmu shi ne N-Power. A Yunin 2016 gwamnatin Buhari ta buɗe shafin, ta ce babu takarda, babu zuwa ofis, babu ɗan majalisa, kowa ya cike a intanet. A ƙasar da aka saba sai kana da wani a sama, wannan kaɗai ya sa mutane suka yi tururuwa. Rukunin farko mutum 200,000 suka fara aiki a Disambar 2016, na biyu 300,000 a Agustan 2018, ana biyan masu digiri da NCE da difloma naira 30,000 a wata, a lokacin da mafi ƙarancin albashi yake 18,000. An tura su makarantu da asibitoci da aikin gona. Ɓangaren horon kuwa a cikin wata babbar waya aka zuba shi, aka ce kowa ya koyi aikinsa daga ciki. 'Yan rukunin farko sun karɓa, da yawa daga na biyu har aka sallame su a 2020 suna kukan ba su ga tasu ba.

Ni na cike wa mutane wannan fom ɗin, a 2016 da kuma 2020 lokacin da sama da mutum miliyan 5 suka nema, kuma a nan na fahimci inda ƙofar take rufewa. Ba a wurin koyo take rufewa ba, tun a shafin farko ne. Ana son imel, mutuminmu ba shi da shi, ko wani yaron kafe ya taɓa buɗe masa ya tafi da lambar sirrin. Ana son BVN, sai a tarar banki ya rubuta Mohammed, katin zaɓe ya ce Muhammadu, katin ɗan ƙasa ya ce Mamman, ranar haihuwa kuma kowanne da tasa, ban da ɗaya ga Janairun da aka raba wa rabin zango. Ana son adireshi, shi kuwa a shagon ubangidansa yake kwana ko a ɗakin gadi. Layin da ya yi rajista da shi ya ɓace tare da wayar da aka ƙwace. In duk an tsallake wannan, sai jarrabawa ta intanet da Turanci, agogo yana gudu, sabis yana ɗaukewa. Waɗanda suka samu a cikinmu 'ya'yanmu ne da suka yi makaranta a nan, kuma na yi musu murna, wasu da kuɗin suka yi aure, wasu suka tada jari. Amma ɗan ga-ruwa da mai yankan farce da ɗan bola-jari, ko ɗaya ban ga ya wuce ba.

Akwai wani ɓangare na shirin da ba a cika maganarsa ba, N-Build, na waɗanda ba su da digiri: gini, aikin famfo, wayarin, walda, gyaran mota. Alawus ɗinsa naira 10,000 ne, gurabensa kaɗan. Tsarinsa 'yan watanni a cibiya, sauran watannin a hannun mai sana'a, a ƙarshe a ba ka kayan aiki. A ganina shi ne ya fi kama da abin da talaka ke buƙata, kuma shi ne ya fi kowanne ƙarancin intanet a ciki. A Oktoban 2023 aka dakatar da N-Power baki ɗaya don bincike, matasa da yawa suna bin bashin alawus na watanni.

Labarin okada ya fi taɓa mu. MAX ya fara a 2015, Gokada ya biyo, ORide na OPay ya shigo a 2019. Waɗannan kamfanonin sun koya wa mahaya abin da babu makarantar da ta taɓa koya musu: karɓar fasinja ta manhaja, bin taswira a waya, karɓar kuɗi ba tare da tsaba ba. Horo ne na gaske ga mai ƙaramin ƙarfi, da aiki a ƙarshensa. Sai dai da yawa daga namu ba su shiga ba, domin ana neman lasisi da wanda zai tsaya wa mutum, wato maigida ya sake ɓullowa a cikin fom ɗin kamfani. Waɗanda suka shiga kuma, ranar 1 ga Fabrairun 2020 gwamnatin Legas ta hana babur ɗaukar fasinja a ƙananan hukumomi shida, ba ta ware na kamfani ba. Gokada ya rage ma'aikata ya koma kai saƙo. A Yunin 2022 aka sake tsaurara dokar a Ikeja da Surulere da Eti-Osa da Apapa da cikin Legas da Mainland, a Satumba aka ƙara Kosofe da Oshodi-Isolo da Shomolu da Mushin. Ilimin bin taswira yana nan a kan mutum, hanyar da zai bi da shi ce aka rufe.

Duk da haka kada wani ya ɗauka intanet bai koya wa talakanmu komai ba. Ya koya masa da yawa, sai dai ba ta ƙofar da aka yi wa fenti ba. Ku shiga Computer Village a Ikeja ku ga yaranmu masu gyaran waya. Kowannensu a gaban wani ya fara, yana miƙa sukundireba yana share tebur. Amma yau in aka kawo wayar da ubangidansa bai taɓa buɗe irinta ba, YouTube zai shiga, ya sami wani ɗan Indiya ko Pakistan ya buɗe ta a gaban kyamara. Ba ya jin yaren, in ban da 'yan kalmomin da finafinan Indiya suka bar mana, amma hannu yake kallo, kuma ya riga ya san me ake nufi da abin da hannun ke yi. Bidiyon bai mai da shi mai gyara ba. Ya tarar da shi mai gyara, ya ƙara masa.

Matanmu ma haka. Ajin WhatsApp na ɗinki da haɗa turaren wuta da humra da sabulun ruwa da kek sun bazu ba tare da wata ma'aikata ta ƙaddamar da su ba. Malamar mace ce irinsu, tana magana da Hausa a saƙon murya, kuɗin shiga kaɗan ne, mace tana saurare tana tuƙa tuwo, in ta gwada ya lalace ta ɗauki hoto ta tura a gaya mata inda ta kuskure. Masu saye kuma suna nan cikin gida da maƙwabta da gidan biki. Akwai na ƙarya a ciki, waɗanda ke karɓar kuɗi su rufe guruf, amma na kirkin sun ciyar da gidaje. Sana'ar POS, wadda ta bunƙasa a lokacin wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, ita ma a bakin lema aka koye ta, wannan ya nuna wa wancan.

Har abin da ya ba mu kunya yana da darasi a ciki. A 2024, lokacin da ake ta dangwalen Hamster Kombat a Telegram, na ga mutanen da suka ce mini ba za su iya buɗe imel ba sun buɗe asusun kirifto, sun haddace kalmomin sirri goma sha biyu, sun tantance kansu da hoto da katin ɗan ƙasa, duk a cikin 'yan kwanaki. Wa ya koya musu? Abokansu, da Hausa, a majalisa da Facebook da TikTok. Da aka fashe a Satumbar shekarar mafi yawa ba su samu abin da ya biya kuɗin data da cajin da suka kashe ba. Amma daga ranar na daina yarda in an ce mutanenmu ba za su iya koyo ta waya ba. Abin da aka koya musu ne ba shi da amfani, hanyar koyarwar kuwa ta yi aiki fiye da ta kowace ma'aikata.

Sai kuma 3MTT, wanda ministan sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 da burin horar da mutum miliyan 3. Sama da miliyan ɗaya da rabi suka nema, aka fara da 30,000, rukuni na biyu 270,000. A yaba musu a abu ɗaya, sun koyi wani abu daga tarihin nan, domin ba su bar mutum shi kaɗai da waya ba, sun haɗa darasin intanet da zuwa cibiya a haɗu ido da ido. Sai dai darussan na rubuta manhaja ne da nazarin bayanai da tsaron intanet da zanen shafuka, da Turanci, kuma mafi yawansu ba sa yiwuwa sai da kwamfutar tafi-da-gidanka. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a Yulin 2024, kwamfuta ko ta hannu ce ta haura haka nesa ba kusa ba, sannan a Janairun 2025 aka amince wa kamfanonin waya su ƙara kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Pitman ya fara ne a shekarar da kan sarki ya yi araha, mu namu tsada ya ƙara. Ga 'ya'yanmu da suka gama sakandare ko difloma, ina ce musu su nema, kada su tsaya. Ga maigadin da ke tsayuwar awa goma sha biyu, ya koma ɗakin da babu wuta ya ba da cajin waya a shago, ba zan yi masa ƙarya in ce don shi aka yi ba.

Akwai wani ƙanenmu da aka kama babur ɗinsa a 2022, ya zo mini da irin saƙon nan, kwas ne na haɗa sola, wata shida, da satifiket a ƙarshe. Na duba, ba na damfara ba ne. Ya biya, ya yi sati uku ya bari, domin malamin yana ta lissafin wuta da Turanci a kan allo, shi kuwa bai taɓa riƙe batirin sola a hannunsa ba. Bayan wasu watanni wani dattijo a cikinmu ya kai shi wurin wani Bayarabe mai haɗa sola, ya ce yarona ne, in ya ɓata wani abu ni za a nema. Ya fara da ɗaukar tsani da hawa rufi. Da ya shekara sai ya koma kan darussan nan da ya bari, suna nan a wayarsa, ya ce mini yanzu duk abin da mutumin ke faɗa yana ganinsa a gabansa, har akwai inda ya gyara wa ogansa lissafin batir. Yanzu shi ake turawa aiki shi kaɗai, kuma shagunan mutanenmu na Mile 12 da Agege sun fara kiran lambarsa kai tsaye. Abin da ya rage kayan aiki ne da ɗan jarin da zai sayi faranti da batir na farko. Ogan ya yi alkawarin sallamarsa. Da muka haɗu makon jiya na tambaye shi yaushe, ya ce an ce sai bayan Sallah.